Yadda Za Ki Ƙawata Shagon Kayan Yara Har Ya Fi Ƙarfin Masu Saye

'Yar uwa, idan hayaniyar masu ciniki ta ishe ki, ga magani. Matakan nan gwadaddu ne. Yayata Bilqis ta bi su ɗaya bayan ɗaya a Kazaure, a shagon da mahaifinmu Baba Kura ya ara mata bisa sharaɗin in Sallah ta wuce ba ciniki, buhunan riɗinsa za su dawo mazauninsu. Ki bi su kawai, na lamunce miki irin sakamakonta.

1. Cire ƙofar ƙarfe, sa ta gilas

Shimfiɗa farin tayil, wanda mutum zai ga fuskarsa a ciki. Matar da ta taso daga Gwiwa a kan babur za ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi ƙafarta, ta dubi tayil, ta yi sallama cikin ladabi, ta wuce. Wata ma takalmi ta cire, ta rage murya ta ce, "Hajiya, likitan ya fito?" Masana sun tabbatar: shagon da ba a takawa ba ya datti.

2. Rataye komai can sama

Uwar da ta zo daga Roni ba da yaro take zuwa ba. Da zare take zuwa, wanda ta auna tsayinsa ta ƙulle. So take ta baje riga, ta ɗora zaren, ta ƙara taƙi guda saboda baɗi, sannan ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga ko zai kai kan ƙanensa. Kada ki yarda. Kowace riga ta zauna cikin ledarta kusa da silin, ƙarƙashin fitila mai launi.

3. Sayo mutum-mutumi

Guda huɗu, daga Kano, girman ɗan shekara biyar. Jera su bayan gilas. Baba Kura zai zo duba shago, ya nuna su da yatsa.

"Bilqis, waɗannan 'ya'yan waye?"

"Na talla ne, Baba. Haka ake yayi yanzu."

"To, mala'iku ba sa shiga inda suke. A cire musu kai."

Ba a mayar wa babba magana. Cire.

4. Gyara ɓarnar da hula

Yanzu kina da yara huɗu cikin shadda da leshi, babu kai. Ɗora wa kowane wuya hula ko ɗankwali, ki ja baya ki yaba wa kanki. Ranar da Saude mai ƙosai ta jawo ɗanta Mu'azzam gwajin kaftani, har tasha aka ji ihunsa: "Umma, an yanka su!" Kafin la'asar labari ya zaga Islamiyya. Tun daga nan, yara tsallaka titi suke yi in sun zo saitin shagon. Talla kyauta ke nan.

5. Kyautata wa maƙwabciya

Inna Kellu tsohuwa ce mai baje kayan yara a tabarma, gindin darbejiyar gaban shago. Iyaye za su leƙa gilashinki su zaɓi yayi, su juya su tsuguna gabanta.

"Inna, irin na jikin marar kan nan na biyu."

Ta zube musu tari, su ja, su auna, su taya, su biya. Kowace safiya kuma za ki sha addu'a: "'Yar nan, Allah ya ƙara wa shagon nan haske. Ki dai riƙa goge gilashin, jiya da ƙyar ake gani."

6. Karɓi sakamako

Kwana uku bayan Sallah a-kori-kura ta tsaya a ƙofa, ɗauke da buhunan riɗin Baba Kura. Tunda ake noma riɗi bai taɓa samun masauki irin wannan ba: ga tayil, ga labule, ga fitila mai launi. Yaya Bilqis ta kwashe kayanta ta roƙi gefen tabarma wajen Inna Kellu, kafin magariba ta sayar da riga goma sha ɗaya. Mutum-mutumin kuwa Baba Kura ya ce a bar su inda suke. Da can yaran unguwa huda masa buhu suke yi. Yanzu ko ɗaya ba ya matsowa.

Abin lura

Duk wadda ta bi waɗannan matakai ta wayi gari a tabarma, ita ta jiyo, babu ruwana. In an ce an gan ni a shagon ranar da aka yi aikin, leda kawai na riƙe. Kawuna huɗun da ke ƙarƙashin gadona kuma, ajiya aka ba ni.