Ranar da Na Rungumi Giwar Uban Saje

Ba zan taɓa mantawa da wannan rana ba, ko da yake na sha roƙon Allah Ya mantar da ni. Abin ya faru 'yan shekaru kafin Turawa su tafi, lokacin ina ji da ƙuruciya, ga sabon keke, ga kuma wani akwatin ɗaukar hoto da na saya a hannun wani Kwara, ɗan Lebanon, a Gusau.

Sana'ata a lokacin sayen fata da ƙirgi, saboda haka kullum ina bisa hanya: yau Kwantagora, gobe Yawuri, wani lokaci har Kaduna. Duk garin da na sauka, kafin in tambayi masauki sai na tambayi abin tarihinsu. Tsohuwar ƙofar gari, ragowar ganuwa, dogon dutsen da aka kafa don tunawa da sojoji, duk na ɗauka. In an wanko hotunan a Gusau sai in juya bayansu in rubuta sunan wurin da ajami, da kyakkyawan rubutu, don in nuna wa mutane a zaure. Malaminmu ya gargaɗe ni kada in ɗauki hoton abu mai rai, na kuwa kiyaye. Da na fara cin karo da mutum-mutumi a manyan garuruwa sai na yi wa kaina fatawa cewa ai shi ba ya numfashi. (Ban kai wa Malam wannan fatawa ya duba ba, don na san abin da zai ce.)

A nan Zuru aka haife ni, nan aka haifi ubana, amma ban taɓa hawa duwatsun da ke kewaye da mu ba. Mutanen can, waɗanda muke ce wa Dakarkari su kuwa suke ce wa kansu Lelna, a kasuwa kawai na san su. Cikinsu akwai abokina Saje Bawa, tsohon soja da ya yi yaƙin Bama, yana zaune a unguwar Rikoto. Wata rana ina baje masa hotunan Kaduna ina ta cika baki, sai ya ce, "Malam, kai ka sha wahala. Ai mu ma muna da irin wanga bisa dutse."

Ya bayyana mini cewa a wurinsu, in babban mutum ya mutu, gwanin kokawa ko maharbi ko shugaban manoma, mata masu ginin tukwane sukan gina masa siffa ta yumɓu a ɗora bisa kabarinsa. Ta ubansa giwa ce. Yana so in ɗauki hotonta ya aika wa ƙanensa da ke bariki a Kudu, wanda bai sami zuwa jana'iza ba.

Sai dai akwai matsala, kuma bai ɓoye mini ba. Tun da ya dawo daga yaƙi ya shiga addinin Mishan, dattawan gidansu suka daina yarda da shi. Sun ji labarin ana sace irin waɗannan siffofi ana sayar wa Turawa, suna kuwa ganin mai takalmin soja irinsa ba abin da ba zai iya ba. Ya daɗe bai taka maƙabartar ba. Sai a wannan shekara, bayan lallashi mai yawa, ƙanen ubansa, wanda shi ne babba a gidan, ya fara sassautowa.

"In ka yi mini wanga aiki da mutunci," in ji Saje, "na koma gida ke nan."

Na buga ƙirji na ce, "Saje, wanda ya ɗauki hoto a Kaduna, ƙauye ne zai gagare shi?"

Muka tafi ranar wata Laraba bayan azahar. Muka bar kekuna a gindin dutse muka hau da ƙafa, ni da babbar riga da rawani, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Da muka isa bakin maƙabartar, Saje ya nuna mini wani kututture ya ce, "Zauna nan. Bari in kira Baba ya ba mu izini da bakinsa. Kada ka yi komai sai mun zo."

Na zauna. Na yi tasbihi kaɗan. Sai idona ya fara yawo.

Wallahi abin ya ba ni sha'awa. Kaburbura ne an kewaye kowanne da duwatsu, bisa wasu an kife tukwane, bisa wasu kuma ga siffofin: giwaye masu buɗaɗɗen baki suna kallon sama, awaki, wani mutum bisa dabba. Amma duk suna ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa, a warwatse, wannan na kallon gabas wancan na kallon yamma. Akwatina kuwa ba ya son inuwa. Ga rana tana sunkuyawa, ga Saje shiru. Can gefe sai na hango wani falalen dutse, shimfiɗaɗɗe, rana ta haske shi tas.

Na ce a raina, ai taimako ne. In kai giwa ɗaya can, in sun zo sai a ɗauka kawai. To amma wacce ce ta uban Saje? Ban sani ba. Sai na ga hikima ita ce in kai duka, ya zaɓi tasa. (Ka ji fa. Mutum ya sauke Alƙur'ani, ya karanta littattafan fiƙihu, ga iyakar hikimarsa.)

Na tuɓe takalmi, na naɗe hannun riga, na shiga jigila. Suna da nauyi fiye da yadda suke a ido. Da na gama sai gwanintar ta motsa: na jera dogaye a baya, gajeru a gaba, kamar yadda na ga ana jera 'yan makaranta, na sa mai hawan dabba a tsakiya ya zama hedimasta. Har da karkata kan wata akuya don ta dubi akwati. Na ja da baya, na sunkuya ina leƙa gilashi, ina jin daɗin kaina.

A cikin gilashin ne na ga ƙafafun mutane.

Na ɗago. Ga Saje, ga ƙanen ubansa, wani dogon tsoho riƙe da sanda, bayansu ga maza da mata, kusan rabin ƙauyen, sun zo ganin yadda ake ɗaukar hoto. Wata mata ta ɗora hannu biyu a ka. Saje, mutumin da aka ce harsashi bai sa ya ƙifta ido ba, sai ga shi ya runtse idanu.

"Malam," ya ce a hankali, "mi ka yi?"

Na ce, "Haske ne babu a can."

Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in shige ƙasa.

Tsohon bai dube ni ba. Saje ya duba, ya yi masa magana da harshensu, gajeriya, mai sanyi. Ban ji ko kalma ba, amma na ga Saje ya cire hularsa ya sunkuyar da kai, sai na gane. An tara siffofin wuri ɗaya, kusa da hanya, ga baƙo da akwati: me ya rage in ba a kawo buhu ba? Duk abin da ake zarginsa da shi, ni na zo na jera musu shi a rana.

Na durƙusa na ce, "Baba, don girman Allah, ba ruwan Saje. Cewa ya yi in zauna. Ni ne ban zauna ba. Yanzun nan zan mayar da su."

Tsohon ya juyo, da Hausarsa mai nauyi ya ce, "To, Bahaushe. Hannun da ya ɗauko shi za ya mayar. Mayar."

Na rungumi giwar farko na nufi maƙabarta da sauri. Ina shiga sai na tsaya cak. Ramukan da na ciro su duk iri ɗaya ne. Na duba dama, na duba hagu. Na zaɓi wani kabari da ya yi mini kama da na manya, na sunkuya zan ajiye.

Sai ihu ya tashi. Wata tsohuwa ta fito daga cikin mata tana tafa hannu. Na gane ta, ita ce ke kawo wa gidanmu daddawa ranar kasuwa, ta san ni tun ina yawo ba wando.

"Kai, ɗan gidan Liman! Giwar Gwani za ka ɗora wa wanga? Mutumin da Gwani ya yi ta kayarwa tun suna samari har suka tsufa? Yana kabari ma sai ka ɗora mai shi bisa ƙirji?"

Wani ya fashe da dariya, tsohon ya juya, dariyar ta mutu. Na ɗago giwar na ce, "Inna, to ina ne?"

"Da ka ɗauka ka tambaye ni?"

Haka na tsaya rungume da giwa kamar mai jego, gumi na zuba, rawanina ya kwance jelarsa na jan ƙasa, ba hannun gyarawa. Na matsa wani kabarin, aka yi ihu. Na matsa wani, wata mata ta ce wannan mijinta ne, kuma ko kurege bai taɓa harbowa ba, kada in jawo masa magana. Sai da suka ga na kusa faɗuwa sannan tsohon ya ɗaga sanda ya nuna. Ashe giwar da na fi wahala da ita, ita ce ta uban Saje.

Tsohon bai tsaya nan ba. Ya ce kowace na mayar, sai na ba mai ita haƙuri. Nan na turje, don ni dai ba zan yi wa yumɓu magana ba. Na ce, "Baba, addinina bai ba ni in roƙi wanda ya mutu ba. Amma ga 'ya'yansu a tsaye, su zan roƙa." Ya ce, "Su ne ma suka fi wuyar haƙuri. Roƙe su."

Haka aka yi. In ɗauko, a bar ni in yi ta dawurwura, a nuna mini, in ajiye, a ce ba nan take kallo ba, in juya ta, sannan iyalin su matso a faɗa mini sunan mamacin da abin da ya yi a duniya, in durƙusa in ce ku yi haƙuri. Wannan ya kashe damisa. Wannan shi ya ja samari noman gandun surukai har ba wanda ya rasa mata a zamaninsa. Ni da nake rubuta sunayen duwatsun Kaduna a bayan hoto, ga mutanen da suka ciyar da garinmu, ban san sunan ko ɗaya ba.

Tun daga ta biyu na lura akwai mai tafiya a gefena. Saje ne. Bai taɓa ko ɗaya ba, tun da an hana, amma duk inda na durƙusa sai ya durƙusa tare da ni, da wandon kakinsa mai guga, a cikin ƙasa. Wannan ya fi ihun matan ƙona mini rai.

Da aka gama, la'asar ta kusa kuɓuce mini. Na nemi ruwa, tsohuwar nan ta kawo mini a ƙwarya tana cewa, "Wanke da kyau, ɗana, yau ka yi aikin gayya." Na yi salla a gefe. Ban taɓa jin sujada ta yi mini daɗi kamar ta ranar ba, don ita kaɗai ce ta ba ni dalilin ɓoye fuska.

Kafin mu sauka, tsohon ya kira Saje gefe suka yi magana. Muka gangaro. Sai da muka kai wurin kekuna na yi ƙarfin hali na ce, "Saje, na kashe ka ko? Me ya ce?"

Ya daɗe yana kaɗe gwiwar wandonsa. Sannan ya ce, "Ya ce ɓarawo ba ya jera kaya dogo baya gajere gaba. Wanga aikin wawa ne, kuma kowa na iya haɗuwa da wawa a birni."

Na ce, "Alhamdu lillahi." (Ban taɓa zaton zan gode wa Allah don an kira ni wawa ba.)

"Ya ce in zo duk ranar da na so. Akwatin ma ya zo." Ya hau kekensa. "Kai ne dai ba za ka zo ba."

Saboda haka mako na zagayowa na koya wa Saje inda ake leƙawa da inda ake dannawa. Ya rataya akwatina ya hau dutse, ni kuwa na zauna a gindi ina gadin kekuna, masu wucewa suna gaishe ni da "Sannu, mai giwa." Da aka wanko hoton, ga giwar a inuwarta, bakinta a sama, ta fito fiye da duk abin da na taɓa ɗauka. Na tambaye shi yadda ya yi da rashin haske. Ya ce ba abin da ya yi, zama ya yi har rana ta sauko ta leƙo ta ƙarƙashin rassa.

Tun daga ranar, duk garin da na je na ga abin da mutane suka kafa, nakan sa hannuwana a baya in zagaya shi da ƙafata. In kuwa mai gida ya ce mini zauna nan, ko gobara ta tashi sai na tambaya kafin in miƙe.