Ranar Da Na Mayar Da Giginyun Gwaggo Ciyawa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka sa ni karanta takarda a gaban mai unguwarmu ba. Ni a gida an san ni da abu biyu: ba na magana, kuma rubutuna ba ya kuskure. Na farkon ya rufa mini asiri shekara ashirin. Na biyun ne ya tona shi a wuni ɗaya.

Kakanmu ya bar gona a bayan garin Yako. Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka daidaita a tsakaninsu, ƙasar gonar ta faɗo wa Baffa Sale, ƙanin mahaifina, bishiyoyin da ke cikinta kuma suka faɗo wa yayarsu, Gwaggo Talatu. (A wurinmu ba abin mamaki ba ne gona ta zama taka, amma ɗorawar da ke tsakiyarta ta wani ce.) Shekaru ana zaune a haka da baki kawai, har wata damina ta karya azarar ɗakin Gwaggo, rufin ya lotsa. Ta ce za ta sa a sare biyu daga cikin giginyu bakwai na gonar a tsaga mata sabuwar azara. Baffa ya fara ƙunƙuni. Mai unguwa ya ce a rubuta komai a takarda, kowa ya san nasa.

Ni aka zaɓa, don ina shekarata ta biyu a kwalejin koyon aikin gona, kuma na zo hutun kaka. Kwana uku na yi ina zagaya gonar da igiya da rula. Ba wanda ya ce in auna kaurin kowace bishiya, amma na auna. Ɗorawa huɗu, kaɗanya uku, tsamiya biyu, kuka ɗaya, mangwaro ɗaya. Da na iso giginyun sai na tsaya na rungume hannu.

Abin da ya tsayar da ni shi ne darasin da muka yi jarrabawa a kansa kafin hutu. Littafinmu ya ce bishiya tana da wani siririn sashe a ƙarƙashin ɓawonta wanda yake ƙara mata katako da kauri a kai a kai, shi ya sa in an sare ta ake ganin zobe-zobe. Giginya ba ta da wannan. Cikinta zare-zare ne kamar karan dawa, saiwarta kamar gashi, kuma ƙwayarta da ganye ɗaya take tsirowa, irin na gero. Wato a wurin dangantaka, ta fi kusa da ciyawa a kan tsamiya. Na samu maki mai kyau a wannan tambayar, kuma na ƙudurta ba zan bari ya tafi a banza ba.

Don haka ban sa giginyun a jerin ba. A ƙasan takarda na rubuta: "Giginya bakwai: ba bishiyoyi ba ne, dangin ciyawa ne." Na ja layi a ƙarƙashi da rula. (Wallahi a raina yabo nake jira.)

Bayan azahar aka taru a gindin tsamiya. Mai unguwa yana kan tabarma, dattawa na gefe, Baffa ya jingina yana gyangyaɗi. Gwaggo ta zauna baya kaɗan da mayafinta. Akwai kuma Jauro, Bafulatanin da shanunsa ke cin karan gonar duk kaka. Na durƙusa na gaishe da kowa, na fara karantawa da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji. Gwaggo tana lanƙwasa yatsu. Da na kai mangwaro na yi shiru, sai ta ɗago.

"Ɗan nan, ina giginyuna?"

"Gwaggo, ai su... ba bishiyoyi ba ne."

"Mene ne su? Raƙuma?"

"Dangin ciyawa ne."

Baffa ya buɗe ido ɗaya, sannan ya buɗe ɗayan. Ya miƙe zaune ya gyara hula. "Sake faɗa, Malam," in ji shi. Bai taɓa kirana Malam ba, kuma wannan ne ya ƙarasa lalata ni. Ni da ba na iya tambayar ƙarin miya a gidanmu, sai ga ni ina zuba bayani kan ɓawo da zobe da saiwa, har na karyo karan dawa ina nuna wa dattawa cikinsa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Baffa. Ya juya wurin mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ka dai ji da kunnenka, kuma ba ni na faɗa ba, littafi ne. Bishiya ta Yaya ce, ban musa ba. Amma ciyawar gona ai ta mai gona ce."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Ban taɓa kawo wa raina cewa layin da na ja da rula zai ɗauke giginyu bakwai daga hannun mutum ya miƙa wa wani ba.

Gwaggo ta tafa hannu, ta dube ni. "Ciyawa! Ɗan wannan ciyawar ne ya faɗo wa ubanka a ka yana yaro, sai da ya wuni yana gaishe da turmi. Ashe gado aka yi."

Jauro ya yi gyaran murya cikin ladabi. "Ranka ya daɗe, ina da tambaya. Sale ya bar wa shanuna duk ciyawar gonar nan. To waɗannan bakwai ɗin, ta ƙasa za su fara ci, ko in nemo musu tsani?"

Dattawa suka kwashe da dariya. Mai unguwa kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya sa aka miƙo masa lauje, ya duba kaifinsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yaro, mu ba mu yi boko ba, ba za mu ja da littafi ba. Abin da muka sani, ciyawa da lauje ake yankarta. Ga bakwai can, zaɓi wadda ta fi maka laushi. In ka kayar da ita kafin la'asar, duka na Sale ne. In ba ka kayar ba, na Talatu ne."

Mai hankali a nan zai ce a yi masa afuwa, ya yi kuskure. Ni kuwa kunyar buɗe baki ta fi mini kunyar komai, kuma ban saba a ba ni aiki in ƙi ba. Na karɓi laujen na ce, "To." Har na ƙara da tambayar ko in cire takalmi.

Taron gaba ɗaya ya biyo ni. Na tsaya a gindin wata giginya wadda in ka ɗaga kai ka kalli samanta sai hularka ta faɗi. Na yi bisimilla, na sara. Laujen ya yi tsalle ya dawo, hannuna ya girgiza har haƙora. Na duba wurin. Ko akuya ta goga ƙaho da ta fi ni barin alama.

Baffa ya zama mai ba ni horo. "Ta gabas, Malam, ta gabas ta fi taushi! Riƙe shi kamar kana yankan harawa!" Ya cire babbar riga yana yi mini fifita da ita. Wani mai babur da ya fito daga Kwanar Dangora ya tsaya ya kashe inji, ya tambayi me ake yi.

"Ɗalibi ne yake yankan ciyawa," in ji Jauro.

Mai babur ya kalli giginyar daga ƙasa har sama, ya kalle ni, ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Fasinjarsa ta ce amin.

Ina cikin goga laujen kamar mai yanka nama da cokali, gumi na shiga mini ido, sai na waiwaya. Kowa dariya yake yi ban da Gwaggo. Ta zuba wa hannuna ido. Matar nan ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata take jinya, kuma a ƙarƙashin rufin da ya lotsa take kwana. Ni kuma ga ni ina ta ƙoƙari, da gaske, in ci nasara a kanta. Allah ya taimake ni laujen ya fi ni hankali: a sara na gaba ƙotar ta rage a hannuna, ƙarfen ya yi sama ya faɗa cikin kara.

Mai unguwa ya matso ya shafa wurin da na yi kusan awa ina fama. "Wannan ciyawa ta ƙosa," in ji shi. "Kawo takardar."

A kan cinyata na soke layin, na rubuta "Giginya bakwai" a ƙarƙashin mangwaro, aka sa na karanta sau uku da ƙarfi. Baffa ya mayar da rigarsa, ya ce dama shi bai taɓa yarda da boko ba. Daga ranar bai sake kirana Malam ba.

Da muka koma makaranta na je wurin malaminmu ina neman ya wanke ni. Ya saurara har ƙarshe, ya yi dariya har da share hawaye. Ya ce masana ba su taɓa haɗuwa a kan ma'ana guda ta bishiya ba. Wasu sai da wancan sashe mai ƙara katako suke yarda, wasu kuma duk tsiro mai tsawo, mai gangar jiki ƙaƙƙarfa, mai shekaru, bishiya ce a wurinsu, har da giginya da goriba da dabino. Kuma kusanci da ciyawa bai mayar da ita ciyawa ba. Ya buɗe littafin ya nuna mini. Bayanin yana shafin da ke bin wanda na haddace. (Jarrabawarmu a wancan shafin ta tsaya, ni ma a nan na tsaya.)

Ranar da aka tsaga azarar, Gwaggo ta aiko a ce ni take so in taya ɗauka. Na yi sawu shida daga gona zuwa gida, kafaɗata ta saluɓe, ita kuma tana bakin zaure tana yi mini sannu da ɗaukar ciyawa.

Har yanzu ina son littafi, kuma har yanzu nakan ja layi da rula. Sai dai kafin in cire wani abu daga jeri, nakan juya shafi na gaba, sannan in tambaya ko akwai mai shirin kwana a ƙarƙashinsa.