Ranar da Gilashin Pancha Ya Washe

"Lafiya lau muka kwana, kafin ki iso. Wa ma ya buɗe miki ƙofa?"

"Ƙofar da ka karya wa ginshiƙi? Ai yanzu ko saniya ba ta neman izini. Ina kwana, tsoho?"

"Ba na amsa gaisuwar mai baƙin farce."

"To riƙe abarka, dama aro na ba ka."

Haka suka fara, tun Noelia ba ta sauke akwatin sufanunta daga bayan babur ba. Noelia 'yata ce, bakanikiya a wani gareji a garin Minas. Shi kuwa mahaifina ne, Don Atilio, wanda ya haye tamanin amma har yau bai sami labarin ya tsufa ba. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta bar shi ya sha ruwa ba. Ni Gladys da ke tsakaninsu aikina riƙe filas da haƙuri, kuma haƙurin nawa ba wani mai yawa ba ne.

Safiyar Lahadi ce a tsakiyar Yuli, lokacin da hunturu ya fi tsanani a ƙasarmu, sanyi ya daskarar da raɓa, ciyawa ta yi fari fat har bakin shinge. Pancha na tsaye a ƙarƙashin rumfa. Koriyar a-kori-kura ce da ta girme ni. Injinta na asali ya daɗe da mutuwa, aka dasa mata na dizal da aka ciro daga wata motar Japan, ta ci gaba da tafiya kamar ba a yi komai ba. Abin da ba ta taɓa yi ba shi ne ɗumi. Idan hunturu ya shigo, Baba kan gasa jan bulo a murhu ya naɗe a jarida ya sa a ƙafa, ya shimfiɗa buzun tunkiya a cinya, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan da tsumma yana goge gilashi.

Watan jiya ne ya dawo daga gidan burodi da hantsi ya yi awon gaba da ginshiƙin ƙofa. Ya fito goshi na jini yana cewa gilashi ne ya yi hazo. A nan take na zare makulli na jefa a aljihu, na ce ba zai sake ganinsa ba sai ranar da gilashin ya daina hazo, in kuwa bai daina ba akwai wani ɗan Brazil mai tara tsofaffin motoci da ya daɗe yana mana zarya, zan kira shi. Ba da wasa na faɗa ba. Na gwammace ya yi fushi da ni yana raye. Sai dai tun daga ranar ya rage cin abinci, kullum yana zaune a rumfa yana kallon motar, domin ita ce ƙafarsa zuwa kasuwa da wajen abokai da kabarin mahaifiyata. Abin ya tsaya min a rai, shi ya sa da Noelia ta ce za ta sa wa Pancha hita na ce ta zo.

Tun jiya ta ɗaure abin a ƙarƙashin gaban motar: ɗan ƙaramin lagireto a cikin akwatin ƙarfe, da fanka a bayansa, da bututu biyu da suka nufi gindin gilashi. Yau saura ta ja tiyo daga inji, ruwan zafi ya shiga ta ɗaya ya koma ta ɗaya. Baba ya leƙa, ya taɓe baki, ya tambaya daga jikin wace gawa aka ciro wannan gwangwanin biskit. Ta ce daga motar da ta fi tasa ƙuruciya nesa ba kusa ba, kuma ita ma a bola ta same ta. Ya ce shi a zamaninsa ba a huda mota sai an nemi gafararta. Ta ce ta nema, Pancha ta ce a huda, in da hali ma a canza mata direba.

Ya koma kan kujerarsa ta tsugunno kusa da murhu, ya karɓi ƙoƙon mate, shayin ganyen da muke zuƙa da siririn bututu, daga hannuna, ya zuƙa, ya lumshe ido. In ya yi haka na san tafiyar mafarki ta tashi.

"Idan ta yi ɗumi," in ji shi, "tumatir zan shuka a gaban gilashi. A Yuli. Mutanen Minas su zo kallo."

"Ka haɗa da ayaba, tunda ƙaryar ba ta da haraji."

"Ƙarƙashin kujera kuma ƙwai. In tashi daga nan da ƙwai, in isa gaɓar Rocha da 'yan tsaki. Abin da za su fara gani a duniya teku ne."

"Su ɗauka kai ne uwarsu."

"A singileti zan tuƙa. Kowa a hanya ya duƙunƙune cikin bargo, ni ina wucewa ina fifita."

"Da waɗannan haƙarƙarin? 'Yan sanda za su ce ƙwarangwal ya sato mota daga maƙabarta."

Idonsa na rufe ya ci gaba da lissafa hanya, yana ambaton tuddai da gadoji da inda itatuwan dabino suke tsaye cikin ruwa kafin a kai gaɓa, da yadda hazon safe kan kwanta a kwari sai kawunan shanu kawai ake gani suna yawo a samansa. Daga nan ya ce mahaifiyata ƙafarta ba ta taɓa ɗumi a motar nan ba, duk tafiya sai ta cusa su ƙarƙashin bargonsa tana cewa ya auri mace ya sa ta a firji. Noelia na kwance a ƙasan sitiyari, na ji sufanar ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Ni kuwa na juya na ƙara itace a murhun da ba ya bukata.

Da ta gama ta cika ruwa, ta yi ta matsa tiyo har kumfar iska ta fita, ta miƙo min hannu. Na ciro makulli na ba ta. Pancha ta yi tari, ta girgiza, ta kama. Muka tsaya muna jira, hayaƙi na fita daga bakinmu. Aka daɗe. Noelia ta kunna fanka, Baba ya kara tafin hannu a bakin bututu, sai ya janye da sauri ya cusa a hammata.

"Madalla da amarya. Na ce ɗumi, ta kawo min injin ƙanƙara."

"Jininka ne ya daskare, ba ka jin komai."

"Gladys, kira ɗan Brazil ɗin. Ki ce a haɗa masa da bakanikiyar, kyauta."

Yana dariya ya faɗa, amma ni na ga yadda ya kalli motar bayan ya rufe baki. Noelia ta taɓa wannan tiyo ta taɓa wancan, ta ɓata rai, ta kashe inji. Ta kwance wani murfi inda babban tiyo ya fito daga kan injin, ta leƙa, ta ɗago a hankali ta dube shi. Ta tambaya ina ɗan ƙarfen da ke zama a ramin nan, wanda ke tare ruwa a cikin inji har sai ya yi zafi kafin ya sake shi. In babu shi ruwan yawo kawai yake yi yana shan iska, inji ba zai taɓa ɗumi a wannan sanyin ba, balle ya ba wani.

To, a yankinmu babu tsohon da ya yarda da wannan ƙarfen. Da zarar an kawo mota, bazarar farko ake cire shi, wai kada inji ya tafasa a hawan dutse. Baba ya bugi ƙirji ya ce da hannunsa ya cire shi ranar da aka dasa injin, kamar yadda kowane mai hankali yake yi. Ta ce ai shi ya sa masu hankalin garin nan duk da bulo a ƙafa suke yawo. Ta tambaye shi inda ya jefar. Ya ce shi ba ya jefar da ƙarfe, aiki ya ba shi. Ya nuna itacen ɓauren bayan gida, inda ya rataye gwangwanaye da tsofaffin cokula don korar aku.

Ta hau ɓaure tana mita, yana daga ƙasa yana gaya mata ta yi a hankali kada ta karya masa reshe, ita in ta karye akwai irinta da yawa a Minas. Ta sauko da abin, ya yi baƙi, da kashin tsuntsu a jikinsa. Ta wanke, ta ce sai an gwada shi a ruwan zafi a ga ko zai buɗe. Idonta ya sauka kan butar da ke kan murhu.

Nan fa aka yi ta. Butar mate ɗinsa ce, kuma tun da aka saye ta ruwa bai taɓa tafasa a cikinta ba, don a wajen Baba wanda ya tafasa ruwan mate ya ƙona ganye ya ƙona zumunci. Ya rungume ta ya ce sai dai a dafa shi tukuna. Ta ce da ta dafa, amma tsohon nama ɓarnar itace ne. Ni ce na raba gardamar, na fizge butar na mayar kan wuta na jefa ƙarfen ciki, na ce duk wanda ya ƙara magana shi zai wanke kwanonin rana.

Muka duƙa mu uku a kan buta. Ruwan ya fara 'yan ƙananan ƙwayoyi a gindi, butar ta soma wannan siririn kukan da take yi kafin tafasa, daidai inda Baba ke sauke ta kullum. Hannunsa har ya tafi kan mariƙi da kansa. Sai Noelia ta ce ga shi nan, ya buɗe baki.

"A ruwan mate ya buɗe?" in ji Baba.

"Daidai."

"To ɗan ƙasa ne. Ni na koya masa. Shekarun da ya yi a ɓaure yana kallona."

"Da ka bar shi a inji da ya koya maka tuƙi."

Ta mayar da shi, ta ɗaure, ta sake cika ruwa. Wannan karon Baba ya hau kujerar direba da kansa, ni a tsakiya da filas, Noelia a bakin ƙofa. Muka rufe ƙofofi. Numfashinmu ya rufe gilashi ruf, ba a ganin ko bonet. Dizal ba ya gaggawa, don haka muka zauna a cikin farin nan, motar na jijjiga mu a hankali, warin man inji da ganyen mate da buzun tunkiya ya cika wurin. Sai na ji wani abu ya taɓa min idon sawu, mai laushi, kamar mage ta shafa ni ta wuce. Ɗumin ya hau gwiwa. A gindin gilashi wasu 'yan ramuka biyu suka buɗe, suka yi ta faɗi suna hawa sama har suka haɗe, sai ga shinge, ga tumaki, ga tuddan Minas shuɗaye da rana a kansu. Tun ina yarinya nake shiga motar nan ban taɓa ganin waje haka a hunturu ba. Na yi murna har na ji kunyar kaina.

Baba ya ciro tsummansa ya goge gilashi.

"Ƙafa dai ta ji," ya ce. "Amma hazon yana nan. Aikin rabi kika yi, amarya."

Gilashin tas yake, ko ɗigo babu. Ya sake gogewa, da ƙarfi, har tsumman na ƙara. Noelia ta buɗe baki, na danne mata gwiwa. Ya tsaya. Ya murɗa gilashin gefensa ya sauke, ya fitar da kai waje cikin sanyi, ya daɗe yana duban wajen tuddai. Sannan ya dawo da kansa, ya ɗaga gilashin, ya ninke tsumman ya ajiye a cinya. Abin da na daɗe ina tsoro ke nan, cewa hazon a idonsa yake, kuma na so a ce ni ce na yi kuskure.

Sai ya fashe da dariya, irin wadda ke girgiza masa kafaɗu.

"Bakanikiyar banza. Kin wuni kina gyara gilashin da ba shi ne ya lalace ba."

"Wancan ba a garejinmu ake yinsa ba," in ji ta.

"Gladys, gilashi ya washe ko bai washe ba?"

Na ce ya washe.

"Makulli nawa ne ke nan."

Na ce nasa ne.

Ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zagaya ta gaban motar yana dafa bonet, ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofar Noelia. Ya ce ta tashi masa daga kujerar manya, ya gaji da yi wa mata direba, ta je ta kama abarta tunda ta huda ta ba mai saye. Ta zagaya ta zauna a sitiyari, ta kasa kallon kowa. Shi kuma ya gyara zama, ya miƙe ƙafafu a bakin ɗumi, ya karɓe filas da ƙoƙo daga hannuna.

"Ja mu tafi. Ni zan riƙa zuba mate. Ke kuma ki riƙa faɗa min abin da muke wucewa, kuma ko ƙarya za ki yi, ki yi mai kyau."

Ta sa giya, Pancha ta gangara ta hau hanya. Noelia ta share hanci da bayan hannu, ta bar baƙin mai a kumatu.

"Ga giwa nan a damanka, tsoho, tana cin ciyawar maƙwabcinka."

Ya zuƙi mate ya gyaɗa kai.

"Na riga ki ganinta," ya ce.