Robar da Na Sayo da Lafiyar Baba

Malaman tarihi sun ƙarar da tawada wajen bayanin abin da ke rusa dauloli, amma har yau babu wanda ya rubuta ko babi ɗaya a kan yadda guntun bututun roba, wanda bai kai ɗan yatsa ba, ke rusa mutuncin ɗalibin ilimi. Ni zan cike wannan giɓi, domin a kaina abin ya faru, kuma ba na jin zan manta da shi har in koma ga Mahaliccina.

Ni ɗan masunci ne daga Yawuri. Shekarata huɗu a Alƙahira ban leƙa gida ba. Ga Nilu nan, ina tsallaka shi a mota, amma kogin da ban san warin taɓonsa ba ai baƙo ne a wurina. Da kewa ta ishe ni sai na koma kallon masunta a waya, har na faɗa kan wasu tsofaffin Turawa masu kama wani kifi da suke kira salmon. Wai kifin nan yakan tafi teku ya yi shekaru, sannan ya juyo ya nemi ainihin kogin da aka ƙyanƙyashe shi. (Da na ji haka sai na kife wayar, kamar da ni ake.) Ba tana suke sa masa ba. Gashin tsuntsu suke ɗaurawa da zare a jikin siririn bututun roba, igiya ta ratsa ta ciki, ƙugiya ta zauna a baya. Nan take na yanke shawarar haɗa wa Baba dozin guda, in aika masa ya gwada wa giwan ruwa. Har na hango shi cikin jirginsa yana juya abin a tafin hannu yana cewa, "Ashe yaron nan bai manta ruwa ba."

Roba iri biyu aikin ke so. Ta farko mai tauri, wadda za a ɗaura gashin a kanta. Na gwada hanjin biro, ya shafe ni da tawada har gemu. Daga baya tsinken goge kunne ya rufa mini asiri: yana da rami, kuma in ka kanga masa ashana bakinsa yakan naɗe ya tare zare. Saura mai laushi, wadda za ta cafke wuyan ƙugiya kada ta kuɓuce. Neman ta ne ya kai ni wani shagon kayan asibiti a Wustul Balad, can tsakiyar birnin.

Shagon cike yake da masu jinya. Ni kuwa na tsaya ina matsa robobi ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. Wannan ta yi faɗi, waccan ta yi tauri. Mai shagon, wani dattijo mai sanyin murya, ya gaji da kallona.

"Ya ibni, ɗana, wa ke kwance? Faɗa mini in zaɓa maka."

Na dubi dama, ga wani riƙe da hoton ƙirjin ɗansa. Na dubi hagu, ga wata idonta ya kumbura da kuka. Da wane baki zan ce kifi nake son yaudara? Ni da na ci jarrabawa a kan falalar gaskiya, sai na ji harshena yana cewa, "Babana ne. Ba ya iya cin abinci."

Dattijon ya ɗauko siririyar robar da ake ba marar lafiya abinci ta hanci (wallahi daidai da ƙugiyata), ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a. Duk shagon ya ce amin. Nawa amin ɗin ya fi na kowa ƙarfi.

"Innalillahi! Ɗana, shi ne ka yi shiru?"

Na waiwaya. Inna Hawwa'u ce, Bahaushiyar Sudan da ke dafa mana tuwo ranar Juma'a a unguwar Ainu Shams, ta zo sayen maganin hawan jini. Na ce mata da sauƙi, na fice da gudu-gudu.

Washegari bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna ce da kwanon miya, da Malam Bashir mai ja mana salla, da ɗalibai biyar, duk sun yi fuskar jaje. Suka tarar da ni a gaban tebur, zare a baki, gashin zakara ja da rawaya ko'ina, robar Baba kuma na yanka ta gunduwa-gunduwa.

Malam Bashir ya ɗaga guntu ɗaya da yatsu biyu, ya daɗe yana dubawa. "Akhi," ya ce a hankali, "ɗan'uwa, wannan laƙanin a wane littafi ka same shi?"

Na faɗi gaskiya, kaina a ƙasa. Ɗaliban suka yi ta ƙoƙarin haɗiye dariya har ɗaya ya shaƙe.

"Ma'alish, ba komai," in ji Inna, "amma fa na riga na sa an kira gidanku."

Ba a tashi ba sai ga wayata tana ruri.

"Malam," in ji Baba, haka yake kirana tun da na tafi karatu, "na ji an ce ba na cin abinci. Yanzu na tashi daga kan malmala biyu."

Na yi masa bayani tiryan-tiryan, da tsinken kunne da komai. Ya yi dariya har da tari.

"Gashin zakara? Lalle kifin Turawa ba shi da wayo." Sai muryarsa ta sauka. "Kai dai ka zo mu gan ka, ko ba gashin."

A nan na gane cewa na yi mako uku ina zaɓen roba don mutumin da na yi wata biyu ban kira ba. Wanda ke kewar ubansa ya ɗauki waya kawai, ba sai ya kwantar da shi a gadon asibiti ba. Don in gyara zance na tambaye shi ta ina kifi ke ci bana.

"Wane kifi?" ya ce. "Ai na sayar da jirgin tun bara waccan. Albasa nake sara."