Ɗumamen Baba Na-Kusa

Duk mai kallon fina-finan Indiya masu fassarar Hausa ya san Baba Na-Kusa, ko da bai san sunansa na yanka ba. Shi ne tsohon nan mai dogon hanci da ke fitowa uban jaruma, kuma bai taɓa kaiwa tsakiyar fim da ransa ba. Da ka gan shi ya fito yana shafa kan 'yarsa, to ka fara shirin yi wa gidan ta'aziyya. Abin da ya sa Kanawa suka raɗa masa sunan ke nan. Wanda ba a sani ba shi ne mai yi masa murya, wani siririn bawan Allah da ake kira Sadisu. A wani ɗan sutudiyo yake aiki a Fagge, ɗakin da aka manne bangonsa da kwalin ƙwai don kar ƙarar babura ta shiga.

Sadisu ya yi shekaru yana cin abinci da ƙarya guda ɗaya, in ma za a kira abin da yake samu cin abinci. Cewa yake yi yana jin Indiyanci kamar a can aka yanke masa cibiya. Gaskiyar magana kuwa, in ka cire gaisuwa da "acha", wadda ya lura suna faɗa in sun yarda da magana, to ka kwashe masa jari kaf. Yadda yake aikinsa shi ne, sai ya kashe sautin fim ɗin ɗungurungum, wai don kar ya raba masa hankali, ya zuba wa bakin ɗan wasa da idanunsa ido, duk abin da zuciya ta ba shi sai ya faɗa.

Mai sutudiyon, Alhaji Ubale, mutum ne da hannunsa bai san hanyar aljihunsa ba. Tun safe har la'asar ma'aikata za su wuni a kan ledar fiya wata, in an yi ƙorafi ya ce ciki in ya cika murya ba ta fita da kyau. A irin wannan wunin ne aka kawo wa Sadisu wani fim inda Baba Na-Kusa ke kwance yana cikawa, ya riƙe hannun 'yarsa yana ta magana, ita kuma tana rusa kuka. Sadisu ya dubi fuskar tsohon, hanjinsa na kiran ciroma, sai kawai ya buɗe baki ya ce:

"Ke 'yar nan, bar kukan nan ki leƙa min madafa. Tun safe ban sa komai a cikina ba. In ma mutuwar ce, a bari in ci ɗumame tukuna, ba a doguwar tafiya da yunwa."

Maganar ta zaga gari. Yaro in aka aike shi sai ya ce a bari ya ci ɗumame tukuna, direba in fasinja sun matsa masa haka zai ce. Fim ɗin ya sayu har Alhaji Ubale ya sake mota, Sadisu kuma aka ƙara masa da kirari.

Ana nan sai ga Baba Na-Kusa a Kano, da ransa da lafiyarsa. Ashe sunansa Keshab, kuma yana da ɗa, Nitin, injiniya a wani kamfanin roba a Sharaɗa, wanda ya daɗe a garin har Hausa ta zauna masa a baki. Ziyara tsohon ya kawo wa jikokinsa. Ranar da ɗan ya kai shi kasuwa sayen takalmi, kasuwa ta yamutse. 'Yan dako suka ajiye kaya, mata suka zaro wayoyi, kowa na ihu, "Baba, an ci ɗumamen kuwa?" Tsohon da a garinsu yake yawo ba mai ce masa sannu, sai da ya ɓuya a bayan ɗansa. Da aka yi masa bayani, ya ce ba zai bar ƙasar nan ba sai ya ga mutumin da ke magana da bakinsa.

Labari ya iso sutudiyo. Alhaji Ubale ya kira Sadisu ya ce, "To, Malam mai Indiyanci, gobe mai kayan zai zo. Na daɗe ina jin ƙishin-ƙishin cewa shaci-faɗi kake yi mini. In ka kunyata ni a gaban baƙo, ka sauka daga kujerar nan, ka koma yi mana kukan dawaki da ƙarar ƙofa."

"Ranka ya daɗe, ai gobe za ka ji Indiyanci tsantsa," in ji Sadisu. Ba kukan dawakin ne ya dame shi ba kamar yadda zai dubi matarsa, wadda ke gaya wa mata a gidan biki cewa mijinta har mafarki da Indiyanci yake yi.

Washegari baƙi suka iso. Alhaji Ubale, don karramawa, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sayo lemo kwalba biyu. Tsohon ya shigo sanye da fararen kaya, ya haɗa tafin hannunsa, ya buɗe baki. Jama'a, murya ce kamar an buga babban tambari a cikin rijiya. Sadisu ya tuna da 'yar muryar tsohon ɗan akuya da ya shekara yana liƙa wa wannan mutumin, sai ya ji kunya ta lulluɓe shi.

Tsohon ya kama hannunsa ya zuba masa magana mai tsawo. Sadisu ya gyaɗa kai cikin natsuwa ya ce, "Acha, acha."

Nitin ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Sadisu, Baba tambayarka yake yi 'ya'yanka nawa."

"Na ji shi mana," in ji Sadisu. "Indiyancin nasa ne irin na ƙauye. Ni na birni na koya."

Alhaji Ubale ya watsa masa wani kallo da ya ishe shi.

Aka zauna, tsohon ya shiga ba da tarihinsa, ɗansa na mayarwa da Hausa. Ya ce tun yana saurayi ya gudu daga shagon babansa ya bi 'yan wasan daɓe, suna yawo ƙauye-ƙauye a bayan tsohuwar mota. Da dare shi sarki ne da hular gwangwani a ka, da safe shi ke wanke tukwane. Ya ce a kan dandali ya yi sarakuna da waliyyai, ya yi jawaban da yake jin duwatsu ma za su yi kuka, amma matarsa da ke zama a sahun gaba barci take yi. Da daɓe ya kasa riƙe gida sai ya koma sayar da murya. Shi ne ke tallan maganin ciwon haƙori a rediyo, shi ne jakin da ke magana a wasan yara, shi ne kuma ke ara wa kyawawan jarumai murya in tasu ta fito kamar ta sauro.

"Baba ya ce muryarsa ta auri jarumai mata ba adadi," in ji Nitin, "amma fuskarsa ko sau ɗaya ba a bar ta ta kai ranar ɗaurin aure ba."

Aka yi dariya, ban da Sadisu, don ya ga Alhaji ya miƙa hannu ya kunna fim ɗin. Ga tsohon a allo yana kwance, ga 'yar muryar nan tana neman ɗumame. Ma'aikatan da suka taru a bakin ƙofa suka kasa daurewa, suka fashe da dariya. Tsohon ya dubi allon, ya dubi masu dariyar, ya tambayi ɗansa me aka ce ya ce. Nitin ya sunkuyar da kai ya fassara masa tiryan-tiryan, har da bayanin mene ne ɗumame.

Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sadisu ya riga ya fara gwada haniniyar doki a zuci. Sai kafaɗun tsohon suka fara rawa, ya tuntsire da dariya har yana bugun cinya, hawaye na zubo masa. Da ƙyar ya samu ya yi magana.

"Baba ya ce wannan fim ɗin a kudancin ƙasarmu aka yi shi," in ji Nitin, "da wani yare da shi kansa ko gaisuwarsa bai iya ba. Darakta ya ce masa ya kwanta kawai ya motsa baki, daga baya wani zai ɗora murya ya faɗi wasiyya mai ban tausayi. Shi da ke ara wa mutane murya, ranar shi aka ara wa. To tun asuba suke aiki ba a ba su komai ba. Da aka kunna kyamara sai ya kama hannun yarinyar ya ce da yaren garinsu, 'Yarinya, don Allah leƙa ki ga ko an kawo abinci. Zan mutu yadda suke so, amma a bari in ci wani abu tukuna.' Ya ce kukan da kuke gani tana yi ma, dariya ce take ɓoyewa."

Tsohon ya miƙe ya rungume Sadisu. Nitin ya ce, "Baba ya ce an fassara fim ɗin nan da harsuna da yawa, duk wasiyya suka sa masa. Kai kaɗai ka faɗi abin da ya faɗa. Ya ce Alhaji, don girman Allah, kar a canja masa murya, ko bayan ransa."

Ai kuwa sai Sadisu ya farfaɗo. Ya gyara zaman hularsa, ya turo ɗan ƙirjin da Allah ya ba shi, ya dubi masu leƙe a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya. "Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka ko? Kalma bayan kalma. Ni fa ba na son yawan faɗa ne kawai."

Kujera dai ta zauna, tunda mai kayan ya yi magana, amma abin bai kwanta wa Alhaji Ubale ba. Ya juya ga Nitin ya ce, "Injiniya, tambayar mini Baba tsakaninsa da Allah. Yaron nan yana jin yarenku ko ba ya ji?"

Tsohon ya saurari tambayar. Ya dubi wuyan Sadisu da ke yawo a cikin riga, ya dubi ledojin fiya wata da ke zube a ƙarƙashin tebur, ya dubi tumbin Alhaji, sannan ya ba da amsa a taƙaice. Nitin ya sosa ƙeya, kamar mai neman hanyar da zai bi.

"Faɗi mana, Injiniya, ba komai," in ji Alhaji.

"Baba ya ce ko kalma ɗaya ba ya ji. Yunwa ce dai ya iya kamar yaren uwarsa, kuma da gani a hannun babban malami ya yi karatun."