Gudun da Na Yi da Ɗan Mutane

Ni ne maigadin wata makarantar renon yara a Gashuwa. 'Ya'ya tara na haifa, kullum ina cika baki cewa babu ciwon yaron da ban sani ba.

Ran nan na tarar da ƙaramin Modu kwance bayan aji, baki da riga jajawur, ko motsi babu. Ban kira kowa ba, na saɓe shi sai asibiti, ina salati. Malamai suka nemi yaro suka rasa, uwarsa ta iso tana kururuwa an sace mata ɗa.

Nas ta shinshina rigar. "Baba, zoɓo ya sha, barci ya kwashe shi."

Har yau mai zoɓon bakin ƙofa tana hango ni sai ta ce, "Likita, ga jini mai sanyi, ƙulli nawa?"