Ƙiftawar Ido a Gonar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so in kauce wa garma da ilimin boko ba. Lokacin ina neman auren Rifkatu a Dabai, babanta kuwa tsohon soja ne, ba ya wasa da al'ada. Ya ce a zamaninsu shekara bakwai saurayi ke yi wa surukinsa noma, wato golmo, amma tunda ni ɗan boko ne ya rage mini zuwa yini guda. In na gama huɗar gefen gonar da ya nuna mini kafin faɗuwar rana, maganar aure ta zauna. Na amsa da ƙarfina (ni da rabona da garma tun ina firamare, labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare).

Kafin hantsi hannuwana sun yi bororo, bayana ya ƙi miƙewa. Baba, wato surukin nawa, na zaune a gindin ɗorawa da dattawa uku, ga Rifkatu ta kawo kunu. Nan dabara ta faɗo mini. Na jingine garma, na gyara murya, na shiga yi musu darasi: duniya na rage saurin juyawarta, wata ne ke jan ruwan teku yana taka mata birki, kuma can da, tun ba a yi mutane ba, yini bai kai na yanzu tsawo ba. Saboda haka yinina ya fi na kakanni, adalci shi ne a ɗan rage mini aikin.

Baba ya saurara har ƙarshe, yana ta gyaɗa kai (har na fara jin daɗi). Sai ya tambaya, daga nasa golmon zuwa yau, nawa yinin ya ƙaru.

Na ce: "Ko ƙiftawar ido bai kai ba, Baba."

"To Malam, na yahe maka ita. Ƙifta idonka, ka ɗauki garma."

Abin takaicin, sai da na ƙifta. Dattawa suka kwashe da dariya har ɗaya ya ƙware, Rifkatu ta rufe fuska da murfin kwano. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da rarrafe na gama huɗar, kuma an ba ni matar. Amma har gobe Malam Birki ake ce mini a Dabai. Na dai koyi cewa wanda ya yi shekara bakwai duƙe a gonar suruki, ba a koya masa tsawon yini.